Sayen Waya a Gwanjon eBay

Tambaya: Ina son sayen iPhone a gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet. Me zan kiyaye?

Amsa: Malam, kafin ka taya, lissafa kuɗin aikowa da na kwastan, ka tsayar da iyakarka. Shigar da adadin sau ɗaya, eBay zai riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan har iyakar. In ka ci gwanjon, biya ya wajaba.

Nemi lambar IMEI (lambar shaidar wayar), ka tabbatar mai wayar ya cire iCloud ɗinsa (asusunsa na Apple da ke kulle wayar), domin waya mai kulle ba ta da amfani sai ga masu gyara. Wanda ya ce ka tura kuɗi ta bayan shafin, rabu da shi, kariyar eBay ba ta shafi wannan kuɗin ba. Idan wayar ta saɓa bayaninta, kai ƙorafi cikin kwana 30 da isowarta.