Faɗan takobi na neman watsa mana fada: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi. Mu shida ne a fadarmu ta unguwar Zariya, duk daren Asabar muna wasan labari na kan tebur, inda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya ana jefa ƙwaya don yanke abin da zai faru, ni ke jan wasan. Labarin namu a zamanin Ɗan Baskore yake, da barade da ƴan karma. Ba mu da ƙwaya mai fuska 20, da ƴan lido biyu muke jifa. Ni na tsara dokar faɗa: mai sara ya jefa, in ya samu 7 ko sama saran ya tafi, mai karewa shi ma ya jefa, 7 ko sama ya kare. Kowane rauni yana rage wa mutum 1 a jifarsa, in kuma shida biyu suka fito an sare hannu ko ƙafa. Dokar ta hau kowa, jarumi da abokin gaba. Yanzu faɗa ɗaya yana cin awa guda, jarumai uku sun nakasa, abokina ɗaya ya daina zuwa yana cewa da gangan nake yi. Wallahi ni gaskiyar yaƙi kawai nake nema. Me na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, wasanka bai mutu ba, kuma ƴan lidon nan biyu sun ishe ka. Wasanni da dama da aka buga a Amurka, irin su Apocalypse World na 2010, da ƙwaya biyu masu fuska shida kaɗai suke tafiya.

Maganar daɗewar faɗa ba ta da wuya. Da ƴan lido biyu, 7 ko sama tana fitowa sau 21 cikin 36, wato kusan kashi 58 cikin 100. Ka ba mai sara wannan rabon, ka kuma ba mai karewa irinsa, sai saran da ke shiga jiki ya koma kusan kashi 24. Sara huɗu, ɗaya ke cin nama. Sauran ukun jifa ce ta banza, mutum huɗu na zaune suna kallon biyu, shayi na hucewa. Cire jifar karewa. Mayar da kariya lamba tsayayya a kan takardar jarumi: mai garkuwa sai an kai 8 a same shi, marar garkuwa 7. Lifidi ya rage 1 daga ɓarnar sara, sulke ya rage 2. An gama da wannan.

Inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau shi ne wannan magana taka ta "dokar ta hau kowa". Ita ce cutar da nake gani kullum wurin masu tsara doka, kuma ita ta kori abokinka. Mutane sun ɗauka in doka ɗaya ta hau jarumi da abokin gaba to an yi adalci. Ba a yi ba. Ɗan fashin da ka fito da shi daren Asabar, turmi uku yake a duniya. Ko an sare masa hannu ko ba a sare ba, kafin a tashi ya mutu ko ya gudu, ba wanda zai sake jin labarinsa. Jarumin abokinka kuwa duk mako yana fili, duk mako ana kai masa sara. Shida biyu sau ɗaya take fitowa cikin 36, kamar ba komai ba. To ɗauki bik da kaye ka lissafa: in aka kai wa jarumi sara 25, yiwuwar a ce ta faɗo masa ko sau ɗaya ta riga ta haura rabi. A sara 50 ta kai kashi 75 cikin 100. In a kowane faɗa ana kai masa sara biyar, kafin faɗa na goma yawancin mutanenka guragu ne. Jifar karewa tana jinkirta abin ne kawai, ba ta hana shi. Ba ƙaddara ba ce ta nakasa jarumanka uku, lissafin da ka rubuta da hannunka ne.

Sannan ka ɗora masa ragin 1 kan kowane rauni. A ƙwaya mai fuska 20 ragin 1 kashi 5 ne kacal. A ƴan lido biyu ba haka ba ne, domin lambobin a tsakiya suke taruwa. Mai rauni ɗaya ya sauko daga kashi 58 zuwa 42. Mai biyu 28. Mai uku 17. Ke nan wanda aka fara samu ya riga ya faɗi tun turmin farko, amma ka tilasta masa ya zauna minti arba'in yana jifa yana kallon mutuwarsa tana tahowa. Ka sa kanka a wurinsa. Ya yi makonni yana gina barden nan, ya raɗa masa suna, ya ba shi doki da kirari, sai jifa ɗaya da ba shi ya yi ta ba ta raba shi da hannun dama. Dole ya ce da gangan ne.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu yaɗa dogayen jadawalin rauni a Facebook da YouTube, layi ɗari, daga tsinkewar jijiya zuwa fashewar ido, suna cewa wai wannan ne wasan manya. Yawancinsu ba su taɓa jan labari ɗaya na wata shida da waɗannan dokoki ba. Sun ji cewa wasan RuneQuest na 1978 yana raba jiki gaɓa-gaɓa kuma yana da jifar karewa, sai su tsinko wannan ɓangaren kaɗai su manna a wasan da ba a gina shi don haka ba. Ba sa faɗa maka cewa a can an tsara makamai da sulke da hanyar warkarwa duka su ɗauki nauyin wannan tsananin.

Gaskiyar yaƙin da kake nema tana wurin zaɓi. Je filin kokowa na Kantu ka kalli karawa ɗaya da idon mai tsara doka: abin da ke tayar da ƴan kallo tsaye shi ne dabara, wa ya kama ƙugu, wa ya ja da baya, wa ya yi haƙuri har abokin karawarsa ya gaji. Ba wa ɗan wasanka irin wannan. In jifarsa ta kai 10 ko sama, ya zaɓa: ya ƙara ɓarna, ko ya kaɓe takobin abokin gaba, ko ya ture shi ƙasa. Mai mashi ya riga mai takobi sara a turmin farko, amma in aka matso jikinsa ya koma wuƙa. Ƴan karma su watse in an kashe jagoransu, don ba kowa ke tsayawa sai ya mutu ba.

Nakasa kuma kada ka cire ta, mayar da ita hannun mai jarumi. Rauni ya ci makin ƙarfi kawai, wato lambar ɓarnar da jarumi zai iya ɗauka, babu ragi a jifa. Sai ƙarfin ya ƙare sannan ka dubi ɗan wasan ka tambaye shi: ka faɗi a kama ka, ko ka gudu ka bar dokinka, ko ka miƙe ka ƙara turmi ɗaya a bakin hannunka? Wanda ya zaɓi ya ba da hannunsa don ƴan'uwansa su tsallake gulbi, shi da kansa zai riƙa ba da labarin.

Kafin Asabar, zauna kai kaɗai ka gwada faɗa kamar ashirin a takarda, kana rubuta turmi nawa kowane ya ci. Uku zuwa huɗu kake nema. In ya haura shida, rage makin ƙarfin abokan gaba, kada ka ƙara wata doka. Sannan ka taka har gidan abokin naka da takardar lissafin, ka nuna masa, ka bar shi ya zaɓa ko a mayar wa bardensa hannu ko a bar shi haka a ba shi wata baiwa a madadinsa. Sauran biyun ma ka yi musu wannan tayin.