Motar rimot tana jan hagu tun bayan da ta daki dutse: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zango a nan Damagaram, kuma ina da motar rimot ta yashi, samfurin 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman mota ta gaske), mai tafiya da ƙafafun baya. Kwanakin baya ta daki dutse a wani fili kusa da Birni, tun daga ranar take jan hagu. Na murɗa madannin daidaita sitiyari na rimot har ta miƙe, amma yanzu kwanar hagu tana yankewa sosai, ta dama kuma sai ta ci fili, sarbo (ƙaramin injin da ke juya ƙafafun gaba) yana ƙara in na karya dama, kuma in ta hau gargada takan kauce da kanta. Sabon sarbo zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sayen sarbo, domin alamun da ka lissafa sun fi nuna cewa wani ƙarfe ya lanƙwashe a gaban motar, madannin da ka murɗa kuma ya rufe laifin ne kawai. An yi wannan madanni don ƙaramin gyara. Da ka tura shi dama sosai, ƙafafu sun miƙe, amma mahaɗin sitiyari da ke tsakiyar mota ya bar wurinsa ya karkata dama. Saboda haka sauran tafiyar da ta rage masa a dama ta gajarta, yana kaiwa iyaka sarbo na ci gaba da turawa, ƙarar da kake ji ke nan, kuma in aka bar shi haka zai yi zafi ya cinye haƙoransa.

Akwai dalili na biyu. A kowace kwana, ƙafar ciki tana bin ƙaramin da'ira, don haka dole ta karya fiye da ta waje. Wannan tsari shi ake kira da sunan Rudolph Ackermann, wanda ya yi masa rajista a Ingila a 1818, ko da yake wani maƙerin keken doki na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya ƙirƙiro shi. Bambancin karyawar yana fitowa daidai a hagu da dama ne kawai idan mahaɗin yana tsakiya kuma sandunan sitiyari biyu tsawonsu ɗaya. Naka ya goce, shi ya sa kwanonin suka bambanta.

Ka fara da neman abin da ya lalace. Ɗaga motar, ka kama tayar gaba ka girgiza ta, rimot a kunne, ka ga inda wasa yake. Ka kwance sandunan sitiyari biyu, ka mirgina kowace a kan gilashi ko tayil: wadda ta lanƙwashe za ta riƙa tsalle. Haka za ka yi wa dogon fil ɗin da hannun ƙasa (hannun da ke haɗa ƙafa da jikin mota daga ƙasa) ke juyawa a kansa, domin shi ne ya fi lanƙwashewa a irin wannan karo, kuma ido ba ya ganin laifinsa sai an zare shi. Ka duba rotil, wato ƙusa mai kan ƙwallo da kofin robar da ke riƙe ta, ko ƙusar ta karkace ko kofin ya yi sako-sako. Ƙurar hunturu da yashinmu suna cinye waɗannan kofuna da wuri, kuma ba na ba da shawarar sa musu mai, domin mai na kama yashi ya koma kamar samfefa. Gogewa da busasshen burushi ya wadatar. Ka kuma duba sifirin ɗin da ke kare sarbo daga duka, domin in ya saki, sitiyari ba zai riƙa komawa wuri ɗaya ba komai gyaran da ka yi.

Bayan haka sai ka mayar da madannin daidaitawa sifili, ka cire hannun sarbo, ka kunna rimot sannan mota, ka bar sarbo ya koma tsakiyarsa. A nan ne za ka mayar da hannun a kusurwar da littafin motar ya nuna, yadda mahaɗin zai tsaya cif a tsakiya. In za ka sauya hannun, ka ƙirga haƙora: yawanci na kamfanin Futaba 25 ne, na Hitec 24, na Sanwa 23. Wanda bai dace ba, yana iya shiga da ƙarfi, amma yana zamewa a karo na farko, sai mota ta koma jan gefe ba a san dalili ba.

Yanzu sanduna. Mafi yawansu zarensu biyu ne, ɗaya na dama ɗaya na hagu, don a iya tsawaita su ko gajarta su ba tare da kwancewa ba. Ka auna su da ma'auni su zama tsawo ɗaya, sannan duk murɗawar da ka yi wa guda ka yi wa ɗayar. Kafin kowane awo, ka sa batir a ciki, ka saki motar daga tsayin kamar taƙi ɗaya a kan daɓen siminti mai sumul, domin ta zauna yadda take zama a lokacin gudu. Abin da manyan gareji ke kira faralelisim shi za ka yi a nan: bakin tayoyin gaba ya miƙe sak, ko ya ɗan buɗe waje da digiri 1 a kowace ƙafa. Tayar irin wannan mota faɗin da'irarta bai wuce milimita 85 zuwa 90 ba, don haka digiri 1 ya kai kimanin milimita 1.5 tsakanin gaban taya da bayanta, wato tazarar tayoyin biyu ta gaba ta fi ta baya da kamar milimita 3. Buɗewar da ta wuce haka tana sa mota rawa a miƙaƙƙiyar hanya. Na baya kuwa an gina su da rufewar kamar digiri 3, ka bar su yadda suke.

Karkatar taya ma haka ake auna ta. Ana son saman tayar ya ɗan kwanta ciki, ɗan gwame na digiri 1 zuwa 2. Ka jingina sukwayar kafinta da tayar daga ƙasa, sai ka ga rata a sama. Katin banki biyu in aka haɗa sun kai kusan milimita 1.5, to in suka shiga ratar daidai ka samu digiri 1. Lambar ba ta kai daidaiton hagu da dama muhimmanci ba.

Sauran kaucewa a gargada, wadda a ganina ita ce ta fi wahalar da masu wannan wasa, domin in mota na tsaye komai daidai yake. Ka ajiye ta a teburi, ka danna gabanta ƙasa a hankali, idonka a kan bakin tayoyi. Ya kamata su sauka su tashi ba tare da sun juya ba. In ka ga ɗaya tana leƙa ciki ko waje yayin da kake dannawa, to sandar sitiyari da hannun ƙasa ba sa zana baka iri ɗaya, sai kowane rami ya zama kamar wani ya taɓa maka sitiyari. Yawanci ƴar washa ce da ke ƙarƙashin ƙusar rotil ta faɗi, ko aka manta da ita wajen ɗauri. Ka tabbatar yawan washa ɗaya ne a hagu da dama. In har yanzu tana juyawa, ka ƙara washa mai kaurin milimita 1 a ƙarƙashin rotil na wajen taya, ɓangarori biyu, ka sake dannawa. In abin ya ƙaru, ka cire ta ka mayar da ita rotil na ciki. Burin shi ne sandar ta kwanta kusan layi ɗaya da hannun ƙasa. Duk lokacin da ka taɓa washa, buɗewar baki za ta ɗan sauya, sai ka sake aunawa. In kuma tayoyin ba sa juyawa amma motar na kaucewa, ka duba shokazoba, wataƙila ɗaya ta zubar da mai.

Daga nan ne rimot ke da aiki. Ka rage iyakar karyawa ta hagu da ta dama ɗaya bayan ɗaya, har ƙafa ta kai ƙarshe sarbo bai yi ƙara ba. Ka gwada a fili mai tauri, ba cikin yashi mai zurfi ba, domin yashi yana ɓoye laifi: ka yi da'ira a hankali ta hagu, ka yi ta dama, ka auna sawun da taku. In sun zo ɗaya, madannin daidaitawa ba zai buƙaci fiye da danni biyu ko uku ba. Sarbo kuwa sai ka zarge shi idan ka cire masa hannu, ba kaya a kansa, amma yana karkarwa, ko yana ƙas-ƙas, ko ya ƙi komawa wuri ɗaya. A nan ma sau da yawa haƙoran ciki kawai ake sauyawa.