Takardar Di'o, ruwan ƙungiya da goɗiyoyin gado: amsa ga mai tambaya

Wani mai karatu ya rubuto cewa kakansa na cikin manoman rani da suka kafa ƙungiyar gama kai tun zamanin Turawa. En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta yanka musu fadama, suka haƙa magudana daga kogi, aka ba kakan lambu eka uku da wani ɗan fili a bakin magudanar inda yake turke goɗiyoyinsa. Akwai takarda mai hatimin Di'o, wato jami'in mulki na Turawa a yankin. Yanzu shi jikan yana noman lambun, yana kuma kiwon goɗiya huɗu da ingarma ɗaya a wurin. Kwamitin ƙungiyar ya rufe masa ƙofar ruwa, ya ce shi ba mamba ba ne, ana bin sa kuɗin gyara, dawakinsa kuma suna rusa gaɓar magudana. Yana so ya kai su wurin 'yan sanda, daga nan kotu, domin a ganinsa Bature ya riga ya mallaka wa gidansu ƙasar da ruwanta.

Malam, ban ga takardar nan ba, ban kuma ji ta bakin kwamitin ba, saboda haka duk abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan aka baje takardu a tebur. Amma akwai abin da zan iya gaya maka tun yanzu: da wuya ƙwarai a ce Di'o ya mallaka wa kakanka ƙasa, domin shi kansa ba shi da ikon yin haka. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sanya ƙasar lardunan Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, sau da yawa bisa sharaɗi. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan layi, haka ma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da muke kai yau. Babu lokacin da aka taɓa samun irin mallakar da kake zato, wadda mutum zai ce ƙasa tasa ce har ruwan da ke bi ta gefenta, babu mai ce masa uffan.

Don haka tambayar farko ita ce sunan wa ke kan takardar, kuma me ta ce. Idan an ba ƙungiya fadamar ne, ita kuma ta raba wa mambobinta, to kakanka ya shiga ne ta ƙofar ƙungiya, kai ma ta nan ka shiga. Idan kuwa gonar gidanku ce tun kafin a haƙa magudana, ƙungiyar ta zo ta tarar da ku, matsayinka ya fi ƙarfi sosai. Sashe na 36 na dokar 1978 ya ce wanda yake riƙe da ƙasar karkara yana noma ta a lokacin da dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙe ta tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Mutane da yawa suna jin wannan sai su ɗauka duk wanda 1978 ta samu a gona ya zama mai ita. Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a shari'ar Abioye da Yakubu ta 1991, inda makiyayan da aka ba wurin zama da kiwo suka ce dokar ta mayar da su masu ƙasa. Kotu ta ce wanda aka ba aro yana nan a matsayin ɗan aro.

Na san za ka ce kun fi shekara sittin a wurin. Daɗewa tana da amfani, tana cikin hanyoyi biyar na tabbatar da haƙƙin ƙasa da Kotun Ƙoli ta lissafa a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976. A fiƙihun Malikiyya ma akwai hauzi, wato samun haƙƙi ta hanyar daɗewa da riƙe wuri, shekara goma tsakanin bare da bare idan mai haƙƙi yana gani bai yi magana ba. Sai dai hauzi ba ya aiki a kan abin da aka shiga da izini, kamar aro ko jingina ko amana. Filin turken nan shi ne nake jin tsoro a kansa. Lambu yana da iyaka, wataƙila yana cikin littafin rabo. Filin bakin magudana kuwa galibi ana barin sa ne don hanya da wurin zuba laka in an yi yasa, kuma mai yiwuwa alfarma aka yi wa kakanka saboda girmansa. Alfarma ba ta zama gado don kawai ta daɗe.

Maganar ruwa daban take da maganar ƙasa, kuma nan ne ka fi yin kuskure. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta yarda mutum ya ɗebi ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi daga rafin da jama'a ke da damar zuwa, ta kuma yarda mai gonar da ke bakin rafi ya yi ban ruwan kansa. Wannan kogi ke nan. Magudanar da mutane suka haƙa da hannunsu, suke yashe ta kowace shekara, suke sayen siminti suna gyara ƙofofinta, ba kogi ba ce. Malaman fiƙihu ma sun bambanta: ruwan da ke gudana da kansa na sama ne ke fara sha, ya tare har ya kai idon sawu sannan ya saki na ƙasa da shi, amma wanda aka haƙa na waɗanda suka haƙa ne, rabonsu gwargwadon aikinsu da kuɗinsu. Idan gaskiya ne ka daina biyan kuɗin gyara, ka riga ka miƙa wa kwamitin sandar da zai doke ka da ita. Ba ka faɗi a wasiƙarka ko kana biya ba, wannan shirun kuma ya dame ni.

Sai mambanci. Tun dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935, wadda ta biyo bayan rahoton wani Bature mai suna Strickland na 1934, har zuwa ta tarayya ta 1993 da dokokin jihohi, tsarin kusan ɗaya ne. Ƙungiyar da aka yi wa rajista tana tsaye da ƙafarta a gaban doka, tana riƙe dukiya da sunanta, tana ci gaba ko da duk waɗanda suka kafa ta sun rasu. Idan mamba ya rasu, hannun jarinsa yana komawa ga wanda ya ambata a littafi ko ga magadansa, ko a biya su ƙimarsa. Kujerar mamba kuwa sai an karɓi mutum bisa ƙa'idojin ƙungiya. To an taɓa rubuta sunan mahaifinka? An rubuta naka? In ba a rubuta ba amma shekara da shekaru suna karɓar kuɗinka suna ba ka rasit, suna kiran ka gayyar yasa, lauyanka zai iya cewa ba za su wayi gari su ce ba su san ka ba. Hujja ce mai kyau, ko da yake ba zan yi maka alkawarin za ta wadatar ita kaɗai ba. Ka kuma tuna kai ba kai kaɗai ne jikan marigayin ba. In ba a raba gadon ba, sai ka samu yardar sauran magada a rubuce kafin ka tsaya da sunan gida.

Kada ka ɗauka ina wanke kwamitin ne. A rufe wa mutum ruwa a tsakiyar rani, shuka tana ƙasa, ba takardar gargaɗi, ba a kira shi an ji ta bakinsa ba, wannan ba aikin masu bin ƙa'ida ba ne, in dai haka abin ya faru. Kusan kowace ƙa'idar ƙungiya tana tanadin sanarwa, da wa'adi, da amincewar babban taro kafin a kori mutum ko a ƙwace rabonsa. Su nuna rahoton zaman da aka yanke hukuncin. Akwai ma tambayar da ban tabbata za su so jin ta ba: shin wannan ƙungiya ita ce ta zamanin En'e, ko wata ce aka yi wa sabuwar rajista daga baya ta ɗauki tsohon suna? Da yawa daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi sun mutu, an soke rajistarsu. In haka ne, nauyi ya koma kansu su bayyana yadda fadamar da magudanar suka zo hannunsu. Ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiharku zai nuna maka lambar rajista da shekararta. Fayilolin larduna na zamanin Turawa kuma suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. In an dace an samu, sai a karɓo kwafi mai hatimin tabbatarwa, kamar yadda aka saba da kowace takardar hukuma.

Dawakin su ne rauninka, gara ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin alƙali. Ba ruwan da suke sha ne ke damun maƙwabtanka ba. Doki yana shan lita talatin zuwa arba'in a yinin zafi, biyar ɗin nan duro ɗaya ya ishe su, alhali ban ruwa ɗaya na eka guda, in ruwan ya kai zurfin santimita biyar, ya kai duro dubu. Matsalar kofato ce. Goɗiya ta sauka shan ruwa a wuri ɗaya safe da yamma, gaɓar ƙasa ta dame ta zama taɓo, ta fara tsatsafo, wata rana da dare ta ɓalle. Ruwan ya malale a lambun da ke kusa ya kwantar da albasa, na ƙarshen layi kuma ya kwana yana jiran ruwan da ba zai iso ba. Duƙushi da ba a ɗaure ba ya fi uwarsa ɓarna. Ko ta dokar Turawa aka bi, inda mai dabba ke ɗaukar alhakin shigarta gonar wani, ko ta fiƙihu, inda ɓarnar dare take wuyan mai dabba, akwai yiwuwar a ce ka biya. Idan ka shigar da ƙara, ka sa rai za su shigar da tasu a kan wannan.

'Yan sanda ba su da hurumin raba ruwa ko tantance mai fili. Abin da zai kai ka hannunsu shi ne ka je ka fasa ƙofar da kanka, domin dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod ta hukunta ɓarnar da ta shafi hanyar ruwan jama'a. Kada ka taɓa kwaɗon nan. Kotu kuma ba lallai ta saurare ka kai tsaye ba: rikicin da ya shafi harkar ƙungiya tsakaninta da mamba, ko wanda yake da'awa ta hanyar mamban da ya rasu, doka ta ce a fara kai shi gaban darakta, ya yanke ko ya naɗa mai sasantawa. Maganar filin ita ce za ta iya zuwa kotun yanki ko babbar kotun jiha. Ana iya neman umarnin wucin gadi a buɗe ruwan, amma sai ka ɗauki alkawarin biyan diyya in ka faɗi, kuma tumatir ba ya jiran ranar da aka ɗage zama.

Shawarata ita ce cikin makon nan ka rubuta wa kwamitin takarda, kwafi ga ofishin darakta da dagaci, ka nemi a buɗe ruwan har a zauna, ka ce a shirye kake ka biya duk bashin da aka nuna maka a littafi, ba tare da ka janye da'awarka kan filin ba. Wannan jimlar ta ƙarshe a rubuta ta ƙarara. A zaman, ka nemi a shigar da sunanka ko na wakilin magada a rajista, a rubuta ranakun ruwanka da awoyinsa, a auna lambun a kafa duwatsun iyaka. Kai kuma ka ja turken baya daga gaɓa, ka yi shinge, ka kafa kwamin shan ruwa da za a riƙa cikawa da tiyo ko jarka, ka gyara inda ya ɓalle da kuɗinka. In suka yarda a bar maka filin turken ko da a matsayin haya ta shekara-shekara, ka duba da kyau kafin ka ƙi. Duk abin da aka amince a rubuta, ɓangarorin biyu su sa hannu gaban shaidu, a ajiye kwafi a ofishin darakta. Asalin takardar Di'o kuwa kada ta bar hannunka. Hoto za ka kai musu.