An ba ni ofishin gaidans ban taɓa karantar abin ba, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, NCE gare ni a Hausa da Islamiyya, shekarata tara ina koyarwa. Farkon zangon nan firinsifal ta ce ni zan riƙe ofishin gaidans, wato na ba ɗalibai shawara kan karatu da sana'a, wai yara sun fi sakewa da ni. To gaskiya kame-kame kawai nake, yara su zo suna tambayata wane kwas za su cike a JAMB na rasa ta cewa. Dan Allah akwai karatun da ake yi na wannan aikin, kuma wace takarda ce ke nuna mutum ya cancanta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo. Kin ga yadda aka ba ki ofishin nan, to haka ake ba yawancin mutane a makarantunmu, a duba wanda yara ke so ko wanda darasinsa bai da yawa a ce kai ne malamin gaidans shikenan, a ba shi tebur a lungun ɗakin malamai. Ke kin ma yi ƙoƙari da kika tambaya, wasu sai su shekara biyar a kujerar ba abin da suke yi sai sasanta faɗan ɗalibai.

Eh, karatu ne mai zaman kansa kuma ya daɗe a Najeriya. A 1959 aka soma aikin a St. Theresa's College da ke Oke-Ado a Ibadan, inda sistocin makarantar suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i, kin ga ashe ma a makarantar 'yan mata irin taki abin ya faro. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu aikin wato CASSON, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa masu ba da shawara a sakandare. A takarda dai komai na nan.

Tunda NCE gare ki, hanyarki ita ce ki sayi fom ɗin DE na JAMB (na shiga jami'a kai tsaye) ki shiga aji biyu a jami'a ki yi B.Ed, wato digirin ilimi, a fannin gaidans, shekara uku kenan. Jami'ar Bayero da ABU Zariya da ta Ilorin da ta Ibadan duk an san su da fannin, in kuma barin aiki da gida zai miki wuya ki duba tsarin karatun hutu da wasu jami'o'i ke yi wa malamai. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fannin ilimi shi mastas zai nema kai tsaye, in digirin ba na ilimi ba ne sai ya fara da PGDE, difloman koyarwa ta masu digiri. Banda wannan ki tabbatar kina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa, don ke malama ce kafin komai. A 2022 kuma an sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu aikin ba da shawara rajista, saboda haka satifiket ɗin bitar kwana uku da ake rabawa a otal ba zai tsaya miki a matsayin shaida ba. Ki je bitar in an gayyace ki, ana ƙaruwa, amma ba ita ce takardar ba.

A jami'ar za a koya miki halayyar yara masu tasowa, yadda ake sauraro ba tare da an koma wa'azi ba (wannan shi ya fi ba malamanmu wuya wallahi, minti biyu yarinya ta fara magana mun karɓe), riƙon sirri, da amfani da takardun gwajin sha'awa, irin tsarin John Holland ɗan Amurka da ya kasa mutane gida shida gwargwadon irin aikin da ransu ke so. Za kuma a tura ki firaktikal wata makaranta ana duba ki.

Amma bari in faɗa miki abin da digirin ba zai ba ki ba, kuma shi yaranki suka fi buƙata yanzu-yanzu, ba sai nan da shekara uku ba. Sanin haɗin darussa. Lokacin da nake riƙe da irin ofishinki a wata makaranta wani yaro ya shigo min da sakamakon WAEC a leda ya naɗe shi kamar kuɗi, kiredit bakwai har da Turanci da lissafi, shi lauya yake son zama tun yana ƙarami. Na duba sama na duba ƙasa babu adabin Turanci, bai ma taɓa zama ajinsa ba don a SS1 an ce masa wahala gare shi ya ɗauki wani darasin. Jami'o'i kuwa adabin suke nema a kwas ɗin lauya. Yaron nan ya zauna a benci ya yi shiru ya fi minti goma yana murza ledar, ƙarshe sai da ya sake zama jarabawa shekara ta zagayo. Tun ranar na gane aikin ba a SS3 yake ba, a JSS3 yake, lokacin da ake raba yara ajin sayins da na at (arts) da na komashiyal, sau da yawa da maki kawai ko da son ran iyaye ko don ƙawata ta tafi can.

Don haka ki sauke kundin kwasa-kwasan JAMB a wayarki ki karance shi kamar za a miki jarabawa. Darasi huɗu ake rubutawa, Turanci dole. Likita da nas fiziks, kemistiri, bayoloji. Injiniya lissafi, fiziks, kemistiri. Kiredit biyar har da Turanci, da lissafi a kwasa-kwasan da ke buƙatarsa, yawanci a zama ɗaya ko biyu, wasu kwasa-kwasan kamar likitanci jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. Ki rubuta a kwali ki manna a ajin JSS3.

Sannan kar ki bari yara su ɗauka in ba jami'a ba an faɗi. Akwai foliteknik, ND shekara biyu HND biyu, akwai kwalejin ilimi shekara uku irin wadda kika yi, makarantun nas da ungozoma, makarantun kiwon lafiya da ke yaye ma'aikatan asibitocin karkara, ga jarabawar NABTEB ga masu sana'ar hannu. Ki nemo tsofaffin ɗaliban makarantar su zo su yi magana, nas ɗaya, mai aikin lab ɗaya, tela mai shago da yara a ƙarƙashinta, mai yin cincin da ta samu lambar NAFDAC, ki ce su faɗi gaskiya har da nawa suka kashe da irin wahalar da suka sha, ba jawabin manyan baƙi ba. In da hali ki gayyato iyaye, don a wajenmu yarinya ba ita kaɗai ke yanke wannan shawarar ba, uba in ya ji da kunnensa daga bakin 'yar unguwarsu da ke aiki a asibitin garin ya fi saurin amincewa.

Abu ɗaya da za ki roƙi firinsifal da ladabi: kar a haɗa miki gaidans da ladabtarwa. Wadda ta riƙe bulala a asembili da safe ba yarinyar da za ta je mata da sirrinta da rana. Ki nemi ɗan ɗaki mai ƙofa ko da sito ne a share, da littafin rajista da za ki riƙa kullewa a durowa, a kuma rage miki darasi ko biyu ne a sati ki samu lokacin zama da 'yan JSS3 kafin a raba su.