Amsar tambayar Kawu kan harbe-harben Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Mu nan yanzu azahar ta yi. Na ga tambayar da kuka ajiye a gurup jiya, cewa wannan harbe-harben da ake ji a rediyo, mutum ya faɗa makaranta ko kanti ya buɗe wa jama'a wuta, shin haka duk ƙasashen da suka ci gaba suke, ko Amurka ce kaɗai. Na kuma ji abin da Auta ya ce, wai mahaukaci ba ruwansa da doka, ko'ina yake sai ya yi ɓarnarsa. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi magana da baki. A yi haƙuri in ta yi tsawo.

To, Kawu, gaskiya abin ya fi yawa a nan Amurka, nesa ba kusa ba. Bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar nan sun fi mutanenta yawa. Wata cibiya a Geneva, Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai wajen miliyan 393, wato kusan bindiga 120 ga kowane mutum 100. Kanada da ke maƙwabtaka da mu wajen 35 ce, Ingila ba ta kai 5 ba, Japan kuwa ko 1 ba ta kai ba. A 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, fiye da rabin wannan adadin waɗanda suka kashe kansu ne. Harbin taron jama'a da ake yayatawa ɗan kaɗan ne daga ciki, sai dai shi ya fi girgiza zukata.

Yanzu Auta, saurara, kai nake so ka ji wannan. Masu taɓin hankali da masu mugun nufi kowace ƙasa tana da su, ban musa maka ba. Abin da ya bambanta ƙasashen nan shi ne matakin da kowace ta ɗauka bayan an zubar da jini.

Duba shekarar 1996. A watan Maris, wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Scotland, ya kashe yara 16 da malamarsu. Yara 'yan shekara biyar zuwa shida, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyaye suka tashi tsaye, aka yi ta tara sa hannun jama'a, kafin 1997 ta fita Birtaniya ta haramta wa farar hula riƙe ƙaramar bindiga kusan gaba ɗaya. Makonni shida bayan Dunblane, a Port Arthur ta Ostareliya, wani ya kashe mutum 35. Firaministansu na lokacin, John Howard, ɗan ra'ayin riƙau ne, manoma masu bindiga suna cikin magoya bayansa, amma cikin kwana 12 ya haɗa kan jihohi aka amince da sabuwar doka. Aka haramta bindigogi masu sarrafa kansu, gwamnati ta sa kuɗi ta saye wajen 650,000 daga hannun mutane ta lalata. Mutumin nan sai da ya sa rigar kare harsashi ya je ya tsaya gaban masu adawa da dokar.

To mu dawo nan. Disamba 2012, makarantar Sandy Hook a jihar Connecticut, yara 20 da manya 6. Shekarunsu kusan ɗaya da na yaran Dunblane. Wallahi na ɗauka daga ranar komai zai canza. Obama ya zubar da hawaye a talabijin. Bayan wata huɗu aka kawo ƙuduri majalisar dattawa, ba ma na ƙwace bindiga ba, a faɗaɗa binciken mai saye ne kawai. Sanatoci 54 suka goyi baya, amma ƙa'idarsu sai an samu 60, ƙudurin ya faɗi. Kusan shekara goma bayan Sandy Hook, Mayun 2022, garin Uvalde a Texas, yara 19 da malamai 2. Yaron da ya yi wannan aika-aika yana cika shekara 18 ya je kanti ya sayi bindiga ƙirar AR-15, da izinin doka, a ƙasar da ba a sayar wa mutum giya sai ya kai 21. Bayan Uvalde an samu wata 'yar doka ta wuce, amma ba ta taɓa irin waɗannan bindigogin ba.

Za ku ce me ya hana su? Kundin tsarin mulkinsu ne, gyara na biyu da aka yi tun 1791, wanda ya ba mutum 'yancin riƙe makami. A 2008 kotun ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙin kowane mutum ne, a 2022 ta ƙara da cewa har fita da ita waje. Ga ƙungiyar masu bindiga, NRA, mai kuɗi da ƙuri'u, ɗan siyasa yana shakkar taɓa ta. Sannan kowace jiha da tata dokar, wata ta tsaurara, maƙwabciyarta ta sassauta, mota kuwa ba wanda zai tare ta a kan iyaka. Sun taɓa haramta irin waɗannan manyan bindigogin a 1994, dokar ta kai 2004 aka bari ta mutu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na New Zealand, na san kowa a gurup ɗin nan yana tunawa. Ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, masallatai biyu a birnin Christchurch, 'yan uwanmu 51 suka yi shahada sun je sallah. Allah ya jiƙansu da rahama. Firaministarsu ta lokacin, Jacinda Ardern, ta yafa mayafi ta je ta'aziyya, kowa ya ga hoton. Amma ba a ta'aziyya ta tsaya ba. Wata guda bai cika ba majalisa ta haramta irin bindigar da aka yi amfani da ita, 'yan majalisa 119 suka amince, mutum 1 tak ya ƙi.

Japan kuwa, kafin a ba ka bindigar farauta sai ka zauna aji, ka ci jarrabawa, likita ya duba ƙwaƙwalwarka, 'yan sanda su bincike ka har su tambayi mutanen da ke kusa da kai, kuma duk shekara uku ka sabunta lasisi. Wanda ya kashe tsohon firaministansu Shinzo Abe a 2022, da hannunsa ya ƙera bindigar.

Amma Auta, inda kake da gaskiya zan ba ka. Doka ba ta kawo ƙarshen abin kwata-kwata ba. Norway tana da tsauraran dokoki, duk da haka a 2011 mutum ɗaya ya kashe 77, yawancinsu matasa a tsibirin Utoya. Ingila ma an yi a Cumbria a 2010, mutum 12. Sai dai can shekaru ake yi kafin a sake jin irinsa, mu nan kuwa da wuya mako ya wuce. Kuma Switzerland akwai bindigogi da yawa a gidaje, saboda mazansu suna aikin soja na dole, amma akwai horo, akwai rajista, kuma ba ka isa ka rataya ta ka shiga kanti haka kawai ba.

Shi ya sa, Kawu, lokacin da gwamnatin Zamfara a 2022 ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu, hankalina ya rabu biyu. Wanda 'yan bindiga suka ƙone wa gari ba zan iya ce masa ya naɗe hannu ba, kuma halin da ake ciki a gida daban yake da na nan. Amma na zauna a ƙasar da kowa ke da ita, na ga ba ta kawo kwanciyar hankali ba.

'Yata ta fari tana aji biyu na firamare. Kwanaki ta dawo gida take nuna mini yadda ake koya musu a makaranta: malama ta kashe fitila, ta kulle ƙofa, su taru a lungun aji su durƙusa, kada wanda ya yi ko tari. Ta ce, Baba, na iya, ko motsi ban yi ba. Na rasa abin da zan ce mata, sai na rungume ta.

Kawu, ku sa mu a addu'a. A gaishe da su Inna da duk mutanen gida. Lokacin ɗauko yara ya yi, sai anjima.