Barkwanci Daban, Bagwarin Fim Daban: Amsa ga Ɗan 'Yar'uwata

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, kuma ban jinkirta ba sai don tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ka ce mai shirya fim ɗin da kake rubuta wa labari ya yaba da rubutunka, amma ya nemi ka ƙara masa Bagwari ɗaya da Ibo ɗaya, su riƙa leƙowa jefi-jefi suna karya Hausa don a yi dariya, kuma don a ga fim ɗin bai bar kowace ƙabila a baya ba. Da ka nuna ɗari-ɗari, sai ya ce maka ai barkwanci ne, al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Kana so ka ji daga bakin kawunka ko haka ne. Ba haka ba ne, kuma zan gaya maka dalili.

Barkwanci ba na kowa da kowa ba ne, yana da masu shi. Akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, da tsakanin Fulani da Tibi, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarabawa, mu kuma Katsinawa abokan wasanmu na nesa su ne Nufawa. A cikin gida akwai shi tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, da tsakanin kaka da jika, har ma a watan Muharram, watan cika-ciki, ana bin juna kuɗin shara. Ban san wannan daga littafi kawai ba. Lokacin da aka tura ni koyarwa ƙasar Nufe ina saurayi, ranar da na fara shiga kasuwar Bida, wani dattijo mai sayar da tasoshin tagulla ya ji daga inda na fito, sai ya miƙe ya cire mini hula a gaban jama'a, ya ce yau ga bawansa ya kawo kansa. Ni kuma ban yi shiru ba, na ce masa na zo karɓar harajin da kakanninsa suka daɗe ba su kai Katsina ba. Kasuwa ta ɗauki dariya, shi ma yana dariya, ni ma ina yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ya biyo baya: mutumin nan shi ya nema mini ɗakin haya, daga gidansa aka riƙa kawo mini tuwon shinkafa har na zauna da gindina, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ni, ɗansa ne ya kwana a kaina.

Ka duba abin da ya faru a kasuwar nan da kyau. Yana gabana ina gabansa, ya faɗa na rama, kowannenmu ya san ɗan'uwansa ya gaji wannan wasa kamar yadda ya gaje shi, kuma tsokanar tana ɗauke da haƙƙi, domin wanda ka kira bawanka a kasuwa ba za ka bar shi ya kwana da yunwa ba. Saboda wannan nauyi ne hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014, domin a can ma ana kashe wutar rikici da shi tsakanin Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari. To, yanzu ka auna Bagwarin da ake so ka rubuta. Kai za ka sa masa magana a baki, mai yiwuwa Bahaushe ne zai ɗaura zane ya fito a matsayinsa, dubban mutane za su yi masa dariya a gidajensu, shi kuwa mutumin Paiko ko na Kuta da ke kallo ba shi da bakin ramawa, kuma babu wanda zai kai masa tuwo bayan an tashi. An ɗauki tsokanar an bar haƙƙin. Game da Ibo kuwa, ba mu ma gaji irin wannan wasa da su ba, balle a fake da shi.

Idan kana so ka ji yadda abin yake a jikin wanda ake yi wa, ka tuna Bahaushen da aka daɗe ana nuna mana a yawancin finafinan Kudu. Maigadi ne, sunansa Musa ko Adamu ko kuma Aboki kawai, yana zaune a bakin ƙofa da rediyo da buta, yana rikita "p" da "f", yana buɗe ƙofa yana rufewa, ba a san matarsa ba, ba a san garinsu ba, ba shi da wata buƙata a duniya sai ta maigidansa. Gadi ba abin kunya ba ne, sana'a ce ta amana, amma ba ita kaɗai ce sana'armu a Kurmi ba. Hausawa suna zaune a unguwar Sabo ta Ibadan tun shekarar 1916 suna riƙe da cinikin shanu da goro, Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro har ƙasar Gwanja kafin ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, jininsa kuma, Aliko Ɗangote, shi ne ya gina matatar mai a Lekki. Na sha ganin yadda ranka yake ɓaci idan wannan maigadin ya fito a talabijin. Wannan ɓacin ran shi ne ma'aunin da ya kamata ka ɗora rubutunka a kai.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, baƙar fata ta farko da ta ci kyautar finafinai ta Oska ita ce Hattie McDaniel, a shekarar 1940, saboda fitowa a matsayin baiwa mai hidimar gidan farar fata, kuma a daren bikin an zaunar da ita a wani tebur na gefe, nesa da abokan aikinta. Sai a 1964 Sidney Poitier ya ci ta gwarzon jarumi. A 2015 da 2016 kuma aka fitar da sunayen 'yan wasa ashirin-ashirin masu takarar kyautar, babu baƙar fata ko ɗaya, aka yi ta ƙorafi, har masu kyautar suka kafa sharuɗɗan shigar da tsirarun jinsuna ga duk fim ɗin da ke neman babbar kyauta, waɗanda suka fara aiki a 2024. Ban raina wannan mataki ba, domin ya buɗe wa mutane ƙofar aiki. Sai dai ƙidayar kawuna tana da iyaka. Ana iya cika lissafi da baƙar fata ɗaya wanda aikinsa kawai ya raka jarumi, ya ba shi shawara, ya mutu da wuri, kuma mu muna da sunan wannan a Hausa: jeka-na-yi-ka. Mai shirya fim ɗinka ya haɗa abu biyu a buƙatarsa, wato dariya da fita kunya, kuma dukansu ba don Bagwarin ake yi ba.

Bari in tsaya a kan Gwari, domin su muka fi zalunta da baki. Su da kansu Gbagyi ko Gbari suke kiran kansu. Mu kuwa mun kai ga ɗaukar sunansu mun mai da shi sunan maganar da ba ta fita, muna cewa yaro yana gwaranci, kuma a labarin Bayajida da muke koya wa yara mun jera su cikin Banza Bakwai tare da Nufe da Yawuri da Kwararrafa. Alhali ƙasar da aka gina Abuja a kanta, tun daga dokar kafa ta a 1976 har zuwa ƙaurar gwamnati a 1991, mafi yawanta gonakinsu ne da ƙauyukansu da kaburburan iyayensu, kuma da yawa an tashe su. Doyar da ake ci a Kano da Katsina, wani kaso mai yawa nata daga gumin manomansu yake fitowa. Matar da hotonta yake bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, Bagwariya ce maginiyar tukwane, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, aka kai aikinta har Ingila da Amurka. Mutanen da suke da wannan labari a hannu, a ce duk abin da fim ɗinmu ya gani a jikinsu shi ne kaya a kafaɗa da karyayyar Hausa? Allah ya hana mu yi wa wasu mutane izgili a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, a aya ta 13 kuma ya ce ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Wanda ya kalli irin wancan Bagwarin bai ƙara sanin Gwari da komai ba.

Kada ka fahimce ni da cewa ka share baƙi daga labarinka ka bar Hausawa zalla. Wannan ma ƙarya ce, tunda ka ce a Kano labarin yake faruwa. A cikin ganuwa kanta akwai Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawa fatake suka zauna, a waje kuma ga Sabon Gari da ta haura shekara ɗari. Akwai Ibo da aka haifi kakansa a can, wanda Hausarsa ba ta da maraba da taka, har karin magana zai jefa maka idan kuna ciniki. Idan ka sa shi yana karya harshe, ba gaskiyar Kano ka nuna ba. Kuma ka cire kalmar Inyamuri daga bakin mutanen kirki na cikin labarinka, domin masu sunan ba sa son ta.

Mu da muka ga wasannin talabijin na da muna da abin kwatance. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja, ɗan gidan sarautar Pategi ne, Banufe, tsohon soja, kuma ya rasu a 2023. Hausarsa a wasan gauraye take da Turancin bariki, mun kuwa yi dariya har hawaye, amma shi ne uban tafiyar, shi yake ba da umarni, shi yake kuskure ya gyara, kuma barikin soja wuri ne da kowace ƙabila take da gaske, ba don a cike gurbi ba. Dariyar da muka yi ta halinsa ce da dabarunsa, irin wadda za mu yi wa maƙwabci.

Saboda haka, idan za ka sa Bagwari, ka ba shi suna, ka ba shi gida da mata da bashi da buri, ka ba shi abin da yake nema wa kansa ko da ba a taɓa haihuwar jarumin ba. Ka gwada cire shi daga labarin: idan babu abin da ya rushe, to ado ne ka rataya, ba mutum ka rubuta ba. In da hali kada ya zama shi kaɗai, domin mutum ɗaya tilo dole ya ɗauki nauyin ƙabilarsa duka, idan ya yi rowa a ce halinsu ne, amma idan su biyu ne, wa da ƙane, suna saɓani a kan sayar da gonar gado ga masu gina gidaje, mai kallo zai ga mutane. Ka nemi ɗan ƙabilar ya fito a matsayin, ka bar shi ya yi yarensa idan yana magana da ɗan'uwansa, a rubuta fassara a ƙasa. Idan kuma barkwancin ne ake so da gaske, yana da kyau a fim, sai dai a nuna shi cikakke: Bafulatani da Babarbare a tashar mota, wannan ya sara wancan ya rama, sannan idan aka zo kama ɗaya a kan bashi, ɗayan ya tsaya masa.

Ka je wa mai shirya fim ɗin da ladabi, domin yana gaba da kai kuma dukiyarsa ya zuba, kada ka ce masa ya yi kuskure a gaban yaransa. Ka rubuta fitowa biyu ko uku ta sabon Bagwarin ka kai masa ya karanta da kansa. Kafin nan ka turo mini su, akwai wani tsohon abokin aikina mutumin Kuta da muke gaisawa har yanzu, zan karanta masa ta waya in ji abin da zai ce. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.