Kejin kifi a dam ɗin Goronyo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka kafa kejin raga a Goronyo irin na kifin salmon a Norwe. To, can ma ba su sha da daɗi ba. Raga ba ta tare komai: kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa a ƙasa, su ruɓe, su cinye iskar ruwan. Ga kwarkwatar teku mai cin fatar kifi, cunkoso ke yaɗa ta har kan kifin da ba na kiwo ba. A Chile kuwa, cutar ISA, wata annoba mai kashe kifin salmon, ta ɓarke a 2007, ta durƙusar da sana'ar a lokacin.

Kwarkwatar ba ta jure ruwan daɗi, amma ƙazanta tana nan. Ni dai da tarwada zan fara, a kwamin siminti, tunda ruwan dam kan ja baya da bazara.